Sayen gidan farko: a ƙiyasta kafin a biya

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. A jahar Maraɗi an fara kai wake da aya da gujiya kasuwa. A jahar Tawa masu albasa suna shirin noman rani. Samarin da suka tafi ci rani Abijan ko Libiya ko Najeriya, wasu sun aiko da abin da suka tara. Wannan ne lokacin da kuɗi ke shiga hannun manoma da makiyaya. Shi ne kuma lokacin da mutane da yawa ke tunanin sayen gida a birni ko a babban gari. Wani yana so don ɗiyansa masu karatu a lakkol. Wani yana neman masauki na ranar kasuwa. Wata kuma tana neman inda za ta zauna da marayunta.

Ga mafi yawansu wannan ne sayen gida na farko, wataƙila ma shi ne na ƙarshe. Kuɗin ba na wasa ba ne. Gumin shekara 10 ne, ko rabin garke, ko adashen da mace ta daɗe tana zubawa. Saboda haka tambaya guda tana gaban kowane mai saye: ya biya kuɗin da mai gida ya yanka, ko ya fara fid da wani abu kaɗan, ya kira masani ya duba gidan, ya faɗa masa abin da ya dace a biya?

Abin da kasuwar bisashe ke koyarwa

Makiyayi ba ya sayen sa daga nesa. Sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, don ya san shekarunsa. Sai ya duba ido da hanci da kofato. Sai ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Ya kuma san yadda aka sayar da irinsa a kasuwar da ta wuce. Manomi ma haka yake da gona. In ya damƙi ƙasa a hannu, ya san jigawa ce ko fadama, ya san ta gaji ko tana da ƙarfi.

Amma mutumin nan da ba a iya cuta a kan sa ko gona, in ya shiga gidan siminti a Damagaram ko Yamai, baƙo ne. Bai san kuɗin fili a unguwar ba. Bai san abin da ke bayan sabon fenti ba. Bai san hanyar da ruwa ke bi da damana ba. Wanda ya san duk wannan shi ne mai sayarwa, shi kuwa so yake ya sayar.

Akwai dillali, gaskiya ne. Dillali yana da amfani: shi ke sanin gidajen da ake sayarwa, shi ke haɗa mai saye da mai gida. Amma la'adarsa tana fitowa ne in an yi ciniki, kuma sau da yawa in kuɗin ya hau, ita ma ta hau. Ko da mutumin kirki ne, ba aikinsa ba ne ya hana ciniki. Don haka mai saye yana bukatar ido na uku, wanda ba ya da riba ko an saya ko an fasa. Wannan shi ne mai ƙiyasi.

Mene ne ƙiyasin gida?

Ƙiyasin gida shi ne masani ya duba gida da filinsa, ya faɗi kuɗin da ya dace da shi a kasuwar yau. A ƙauye, tsohon magini da dattawan da suka ga cinikin gidaje da yawa suna iya wannan aiki. A birni akwai waɗanda suka yi karatun abin, ana ce musu eksper. Suna rubuta sakamakon a takarda, su sa hannu. Akwai kuma jeyometir, wato mai awon fili, wanda ke tabbatar da tsawo da faɗi da iyakoki.

Mai ƙiyasi ba duba yake yi ba, lissafi yake. Hanyoyinsa uku ne. Ta farko, ya bincika nawa aka sayar da gidaje masu kama da wannan a unguwar cikin watannin baya. Abin da ya dame shi shi ne kuɗin da aka biya, ba wanda aka fara taya ba. Ta biyu, ya raba fili da gini: nawa ne filin in babu kome a kansa, nawa za a kashe in za a yi wannan gini sabo yau, nawa kuma tsufa ya ci. Ta uku, in gidan haya ne, ya duba nawa yake kawowa a wata.

Ga misali, don a gane lissafin. A ce an yi wa gida kuɗi miliyan 5 na sefa. Mai ƙiyasi ya bincika, ya tarar fili irin wannan a unguwar miliyan 2 ne. Ginin, in za a yi shi sabo, zai ci miliyan 3. Amma ya tsufa, rufin ya yi tsatsa, bango ɗaya ya tsage, sai ya rage miliyan 1. Miliyan 2 na fili da miliyan 2 na gini, miliyan 4 ke nan. Tsakanin abin da aka nema da abin da gidan ya kai akwai miliyan 1, wato jika 1000. Kowane makiyayi ya san yawan bisashen da zai fid da daga garke kafin ya haɗa wannan kuɗi. Ladan mai ƙiyasi kuwa ɗan ƙaramin yanki ne daga cikinsa.

Awo ma yana da nasa lissafi. Fili mai metir 20 a tsawo da metir 20 a faɗi, murabba'in metir 400 ne. In aka auna aka tarar faɗin metir 17 ne, saura 340. Mai saye ya biya kuɗin 60 da babu su, ko kuwa suna cikin gidan maƙwabci, rigima na jiransa.

Abin da rani ke ɓoyewa

Yawancin cinikin gidaje da manoma ke yi, da rani ake yinsa, don lokacin ne kuɗi ke hannu. Da rani kuwa kowane gida lafiya lau yake. Ƙasa ta bushe, hanya ta yi kyau, rufi ba ya yoyo. Sai watan Agusta gaskiya ke fitowa.

Mutanen ƙasar Nijar sun san wannan da idonsu. A shekara ta 1945 ambaliyar Gulbin Maraɗi ta ci tsohon garin da ke cikin fadama, har aka tashe shi aka mai da shi bisa tudu, inda yake yau. Cikin damanar 2020 kogin Isa ya cika ya fasa madatsa a Yamai, ruwa ya shiga unguwannin ƙetaren kogi irin su Lamorde. Cikin damanar 2024 ruwan sama mai yawa ya rusa gidaje a jahohi da dama, Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A ranar 3 ga watan Satumba na 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa fiye da shekara 150 da suka wuce, ya faɗi. In ruwa ya iya kayar da ginin da ya ga sarakuna da yawa, gidan da aka yi cikin kwari ba shi da wani kariya.

Ruwa yana barin sawu, kamar dabba. Mai ƙiyasi ya san inda ake neman sawun. Yana duba gindin bango, ko akwai layin da ruwa ya tsaya. Yana duba ko gishiri ya fara cin tubalin ƙasa. Yana gwada tsakar gida da titi: in tsakar gida ta fi titi zurfi, ruwan unguwa duka nan zai taru. Yana tambayar tsofaffin unguwa abin da ke wurin kafin a yi gini. Akwai filayen da dā kududdufi ne, aka cike da shara da juji. Irin wannan ƙasa tana zama a hankali, ginin da ke bisanta ya dinga tsagewa kome gyara.

Bayan ruwa sai ginin kansa. Tsaga iri biyu ce. Akwai ta yaɓe, wadda ba ta wuce fatar bango ba, gyaranta ba wuya. Akwai kuma wadda ta tashi daga kusurwar ƙofa ko taga ta yi karkace, ana ganinta ciki da waje. Wannan alama ce harsashi ya motsa. Magini yana ƙwanƙwasa bango ya ji ko yaɓen ya saki. Yana karta bulo da ƙusa: in ya zube kamar gari, an yi rowar siminti. A gidan soro yana soka azara, don gara tana cinye cikin itace ta bar bayansa kamar lafiyayye. Yana hawa ya ga indararo. A gidan kwano, wanda wasu ke kira tol, yana duba tsatsa da ramukan ƙusa da katakon da ke ɗauke da rufin. Yana kuma auna tsakanin salga da rijiya. Ma'aikatan kiwon lafiya suna shawartar kada ya gaza metir 15, in da hali a kai 30, don kada ƙazanta ta shiga ruwan sha.

Sabon fenti a gindin bango kawai, ko sabon yaɓe a wuri guda, abin tambaya ne. Wataƙila gyaran kirki ne. Wataƙila kuma an rufe wani abu.

Takarda kafin bango

Akwai abin da ya fi tsagar bango haɗari: a sayi gida hannun wanda ba shi da ikon sayarwa. Bango in ya tsage ana gyarawa. Amma gidan da aka sayar wa mutum biyu, ko gidan gado da magaji ɗaya ya sayar ba da sanin sauran ba, yana iya kai mai saye gaban alƙali shekara da shekaru, daga ƙarshe ya rasa gida, ya rasa kuɗi. Ƙiyasi yana faɗin darajar gida, amma shi kaɗai ba ya tabbatar da mai shi. Wannan aikin takardu ne, kuma da shi ya kamata a fara. Babu amfanin biyan mai ƙiyasi a kan gidan da ba zai sayu ba.

A karkara, dokar da ake kira Kod riral, wadda aka kafa ranar 2 ga watan Maris na 1993, ta tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka sani da suna Kofo. Akwai na ƙauye, wanda mai gari ko shugaban rugga ke jagoranta, akwai na kwamin, akwai na departama. Su ke ba da takardar shaidar saye, ko kyauta, ko gado, ko jingina. Cinikin da aka yi da baki a gindin itace, shaidu su mutu ko su manta, ba ya kai wanda aka rubuta a Kofo ƙarfi.

A birni, filin da hukuma ta yanka yana da takardar da ma'aikatar magajin gari, wato meri, ke bayarwa. Tana ɗauke da sunan mai fili da lambar filin da lambar rukunin da yake ciki. Wadda ta fi ta ƙarfi ita ce takardar mallaka ta dindindin, titir fonsiye, da ma'aikatar filaye da kadastir ke bayarwa. Tun shekara ta 2006 aka sauƙaƙa hanyar samunta, da tsarin da aka sa wa sunan Hausa, Sheda.

Mai saye kada ya tsaya ga takardar da aka nuna masa. Ya tafi ofishin da ya ba da ita, a buɗe littafi, a ga ko sunan da lambar sun yi daidai. Ya nemi katin shaidar mai sayarwa, ya gwada da sunan da ke takarda. In gidan gado ne, ya nemi takardar rabon gado da yardar dukan magada, har mata da waɗanda ke ci rani. Ya tambaya ko an jinginar da gidan ga banki ko ga wani mutum. Ya tambaya ko akwai bashin haraji ko na wuta ko na ruwan pampo.

Akwai kuma wuraren da ba na sayarwa ba ne ko kaɗan: hanyar da aka shata, filin da aka ware don lakkol ko kasuwa ko likita, da burtali. Makiyaya sun fi kowa sanin wannan. Dokar kiwo ta ranar 20 ga watan Mayu na 2010 ta ƙarfafa kariyar burtali da makiyaya, ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Garuruwa suna girma suna cin gefensu. Fili mai araha a bakin gari yana iya zama cikin ɗaya daga waɗannan wurare. In hukuma ta zo da motar rusau, araha ta zama tsada.

Takardun nan da Faransanci ake rubuta su. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana da makami a hannu, don yana iya karanta suna da lamba da kansa, ya kwafe su a littafinsa. Sauran bayanin kuma ya nemi amintaccensa mai jin Faransanci ya fassara masa. Kada kowa ya dangwala yatsa ko ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba.

Wa ke bukata, wa zai iya haƙura?

Ba kowane ciniki ne ke bukatar eksper mai takarda ba. Manomin da zai sayi gidan ƙasa a ƙauyensu, hannun maƙwabcin da ya sani tun suna yara, ya ga lokacin da aka gina shi, ya ga damana 20 ta wuce a kansa, ba ya bukatar kiran kowa daga birni. Tsohon magini da dattawa biyu sun isa. Sai dai shi ma kada ya bar rubutun Kofo.

Amma akwai halin da barin ƙiyasi ganganci ne. In gidan yana garin da mai saye ba ya zaune. In kuɗin ya kai yawancin abin da ya mallaka. In ginin siminti ne mai ɗakuna da yawa, wanda gyaransa ke da tsada. In gidan yana kusa da gulbi ko korama ko tafki. In gidan gado ne, ko na haɗin gwiwa tsakanin ƴan'uwa, domin ƙiyasin baƙo yana kashe zargi tsakanin dangi. In kuma ana gaggauta mai saye, ana ce masa akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe da safe. Mai gidan da ya yarda da gidansa ba ya tsoron a duba. Wanda ya hana a shigo da magini, ya riga ya ba da amsa.

Wanda zai ci bashin banki ya ba da gidan jingina, ya sani banki zai nemi takardar mallaka mai ƙarfi, zai kuma sa a ƙiyasta gidan kafin ya ba da kuɗi. Amma ƙiyasin banki don tsaron kuɗin banki ne. In ya fito ƙasa da kuɗin ciniki, bankin zai rage abin da zai ranta, sauran ya hau kan mai saye. Gara mutum ya san wannan kafin ya ɗaure kansa da alkawari.

Yadda ake yin abin

Mai saye ne ya kamata ya zaɓi mai ƙiyasi, shi kuma ya biya shi. Wanda dillali ko mai gida ya kawo, ba a san inda zuciyarsa take ba. A yanke ladansa tun farko, kuɗi tsayayye, ba wanda zai ƙaru in gidan ya yi tsada ko in an yi ciniki ba. Ana iya tambayar noter ko ma'aikatan kadastir su nuna sanannun masu wannan aiki. Ana iya kuma tambayar waɗanda suka riga suka sayi gida a garin.

Ranar dubawa mai saye ya je da kansa. Ya bi mai ƙiyasi ɗaki ɗaki, ya tambayi duk abin da bai gane ba. Ya nemi a rubuta masa kuɗin fili daban, na gini daban, na gyara daban. Ya zagaya unguwa shi kaɗai, ya gaida maƙwabta, ya tambaye su yadda damanar bara ta kasance. Matan unguwa sun fi kowa sanin ɗakin da ke yoyo da lokacin da pampo ke ɗauke ruwa. Wannan tambaya ba ta cin ko dala.

Duk wannan a yi shi kafin a ba da kafin alƙalami. In dole ne a ba da wani abu don a riƙe gidan, a rubuta gaban shaidu cewa za a mayar da kuɗin in takardu ba su yi daidai ba, ko in an gano babban aibi.

Ƙiyasi ba hukuncin alƙali ba ne. Masana biyu suna iya bambanta kaɗan. Mai gida ma ba dole ne ya yarda ba. Amma mai saye ya samu abin riƙewa a ciniki. Maimakon ya ce “a rage mini don Allah”, sai ya ce “rufin nan zai ci kaza, bangon nan zai ci kaza”. In mai gida ya rage, madalla. In ya ɗauki gyaran a kansa, shi ma daidai ne. In ya ƙi duka biyu, mai saye yana iya tafiya da kuɗinsa a aljihu. Wani lokaci kuma ƙiyasi yana nuna kuɗin da aka nema daidai ne. Nan ma ba a yi hasara ba, don mutum ya saya da kwanciyar rai.

Bayan ciniki saura abu ɗaya: a sauya suna a takarda. Mutane da yawa suna biyan kuɗi, su karɓi takarda mai sunan tsohon mai gida, su sa a adaka, don gudun kuɗin sauyawa. Ranar da ɗayansu ya rasu, ɗiya ne ke shiga wahala. Gida bai zama na mutum sosai ba sai sunansa ya shiga littafin hukuma.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Makiyayin da ke buɗe bakin sa kafin ya biya, ba rashin yarda yake nunawa ba, sanin darajar dukiyarsa ne. Gida ya fi sa tsada, kuma ba a iya kora shi a mayar kasuwa mako mai zuwa. Wanda ke shirin sayen gidansa na farko a wannan rani, ya fara da takarda, ya bi da magini ko eksper, ya tambayi maƙwabta labarin damana. Bayan nan ne zai kwance bakin jaka.